Yaƙin da Babu Ƙuda

Janareta ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Muka fito daga gidan kallon Alifa,
idanunmu cike da wutar taurari,
takalmanmu cike da taɓon Kusuri.

Teburin mai shayi ya karɓe mu.
Ruwa bai tafasa ba, gardama ta riga shi.

Barka ya ce, “Labarinmu ne aka sace!
Uwar kumbon nan mai aman wuta
igwar Nasara ce, ran da ta tsallako Shari.
Kakata ta ce kakanta yana wurin,
da mashi ɗaya, da laya bakwai.”

Hisseni ya yi dariya har ya ƙware.
“Masu mashi an ci su, waɗannan su suka ci.
Yaƙin Toyota ne, sak, babu ragi:
’yan motoci a kan rairayi
suna kewaya tanka
kamar rina ta samu jaki a ɗaure.”

Nan take tebur ya zama fagen fama.
Buta ce uwar kumbo,
ƙwayoyin sukari dakaru,
cokali ya kwanta a tsakiya, wai shi ne Logon.
Mai shayi yana ta ƙirga asararsa da ido.

Adum, mai karatun kimiyya a Marwa,
ya gyara tabarau ya ce duk mun ɓata:
“Babu iska a can, ta ina ƙara za ta bi?
Duk daram-daram ɗin nan ƙarya ce.”
Muka ce ya sha shayinsa kada ya huce.

Can ƙarshen benci akwai Jidda mai faci,
wanda hannunsa na hagu yatsu uku ne.
Kowa ya san ya ja mota a arewa
tun bai kai shekarunmu ba,
kowa kuma ya san ba a tambayarsa.

Shi ya ɗauke ƙwayar sukari ɗaya
daga tsakiyar rundunar Hisseni, ya jefa a kofi.

“Na kalla tare da ku, ina baya.
Awa biyu ana gwabzawa,
ban ga wanda ya nemi ruwa ba.
Mu na lagireto muka sha,
ja wur da tsatsa, muna godiya.
Ban ga ƙuda ko ɗaya ba.
Yaƙin da babu ƙuda, yara,
ban san sunansa ba.

Wanda aka harba kuma
sai ya yi walƙiya ya ɓace,
babu mai ɗauka, babu mai haƙa.
Namu nauyi gare su.
Wani yaro, Bishara, ko buhun gero bai kai ba,
amma mu huɗu muka sha wuya da shi.”

Ya juya ga Adum. “Kai mai boko,
gaskiya ne a can komai ba ya da nauyi?”
Adum ya ce gaskiya ne.
“To, shi ya sa suka kai yaƙinsu can.”

Babu wanda ya mayar da buta mazauninta.
A ƙetaren kogi fitilun Injamena
suna rawa a kan ruwa,
taurari kuwa suna inda suke,
babu mai harbin wani.

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.
Washegari Alifa ya rubuta da alli: kashi na biyu.
Muka je, muna sunkuyar da kai kamar ɓarayin kaza.
Sai ga Jidda a layin gaba,
ya biya sefa ɗarinsa, ya miƙe ƙafa.

Na ce, “Baba, ba ka ce ƙarya ba ce?”
Ya ce, “Matsa, ka tare mini.
Makanikin nan nasu nake son gani,
ko zai iya tayar da injin.”